Zanen Yatsa

Na'urar ta kawo ja. Yarinyar ta ce, "Baba, sake ɗorawa."
Na sake. Ja.
Ta miƙo auduga da ɗan ruwa in goge,
na goge, na hura masa iska kamar mai lallashin garwashi,
na kwantar da babban yatsa a kan gilashi,
sumul, kamar bayan cokali.
Ta ce, "Ba ta gane ka ba."
Na ce, wadda ta gane ni ta riga ku karɓe zanen, 'yata.
Ki tambayi wuta.

Laraba ce, an gama yankan dawa.
Masu haƙon gafiya suka cinna ta gabas da Duguri,
iska ta goya ta, ta yi daji da ita.
Mu bakwai: ɗanyen reshen kalgo, adda biyu, jarka ɗaya,
da takalman roba da suka girmi autana.
Gamba ta shanye tsayin mutum,
tana fashewa kamar ana buga bindigar toka,
shirwa na shawagi a sama, tana jiran fara da ɓera su fita.

Barau Maidawa ne a damana.
Shi ya ce mu tare ta a bakin rafi
kafin ta lashe rumbunan tsallake.
Mun tare. Rumbu arba'in da ɗaya, suna nan, a je a ƙirga.
Sai iska ta juya.
Na cafko shi ta wuyan riga,
rigar ta biyo hannuna,
shi bai biyo ta.

Ba zan ci haƙƙin kowa ba, ran uku sun zo.
Mota uku, buhun shinkafa biyu, ambulan mara nauyi.
An ɗauki hoto da marayu, an gyara wa ƙaramin hula.
Wani mai babbar riga ya share ido, ya ce:
"Gwamnati uwa ce, ba ta manta."

Damina biyu ke nan.
Ni da Lantana, matar Barau, mun san kowane rami
daga Alkaleri zuwa Bauchi.
Akuyarta ta tafi a kuɗin mota, sai keken ɗinki.
Oga ya shiga taro. Fayil ya hau sama.
A dawo in an sa hannu a kasafi.
Jiya aka buɗe babban littafi, aka bi da yatsa har ƙasa:
wai Barau ɗan wucin gadi ne.
Shekara tara yana wucin gadi!
Da hayaƙi ya tashi ba a ce na dindindin su wuce gaba ba,
kuma harshen da ya lashe shi
bai nemi takardar ɗaukar aiki ya karanta.

Lantana ba ta yi kuka ba. Ta naɗe takardun cikin leda,
ta ɗaure a bakin zane,
ta tambayi masinja inda ake alwalar mata.

Ni kuwa ga ni da rai, an rasa shaidar cewa ni ne.
Yarinyar ta dubi hannun, ta dubi ƙofa,
ta yago takarda, ta ɗauki biro:
"Ya zo da kansa. Na gan shi da idona."
Ta ce, "Ban san ko za su karɓa ba, Baba."
Na ce, ko ba su karɓa ba, kin rubuta.

Daren nan sama ta yi ja a bayan dutse.
An busa usur.
Yatsuna ba sa rufuwa a kan ƙotar adda,
sai ga Zailani, babban ɗan Barau, da tsumma,
ya ɗaure min reshen kalgo a tsintsiyar hannu,
ya ɗauki nasa.
Na ce, koma, uwarka ta biya nata.
Ya ce, "Kawu, rumbunmu ne na farko a hanyarta."